Ranar da Kaka Ya Bi Layin Kafteriya

"…lafiya lau, Kaka. Ya hanya? Ya ƙafa? Ya sauran haƙoran da suka rage?"

"Suna gaishe ki. 'Yan mata, don Allah ko kin san wata jikata a makarantar nan? Ƙatuwa ce, kumatu kamar an hura. Lukuti ake ce mata."

"Ni ce fa."

"Ke? A'a. Tawa in ta zauna a kujera sai kujerar ta nemi agaji. Ke kuwa in aka kunna fanka sai an ɗaure ki a jikin gado."

"To sa tabarau mana. Au, na manta, ko da shi ɗin ma ba gani kake ba."

A kan wani bencin siminti ake wannan, a ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai mata, rana ta kusa tsaka. Kaka tsohon ma'aikacin safiyo ne, mai auna filaye, ya daɗe da yin ritaya. Ita kuwa jikarsa ce ta wajen 'yarsa, tana shekara ta uku a fannin haɗa magunguna. Tun tana rarrafe ya laƙa mata Lukuti, sunan ya bi ta har jami'a. Makon da ya wuce ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin gwaje-gwaje, aka kai ta asibitin makaranta aka yi mata ƙarin ruwa. Likita ya ce gyambon ciki ne ke neman kama ta saboda zama da yunwa. Da uwarta ta ji, ta ce lallai ta kwashe kayanta ta koma gidan gwaggonta a can ƙarshen gari, ta riƙa zuwa makaranta daga can. Lukuti ta ce ba inda za ta. Da musu ya yi tsawo, sai aka ce Kaka ya je ya gani da idonsa, abin da ya yanke kowa ya bi.

"An aiko ni in kwashe ki," in ji Kaka, yana gyara zaman sandarsa tsakanin ƙafafunsa.

"Da wace motar? Waccan da sai unguwa ta taru ta tura?"

"Ke ai ba sai da mota ba. A aljihun gaba zan sa ki, kusa da biro."

"Kaka, da gaske nake. Daga gidan Gwaggo sai ka hau mota ka sauka ka sake hawa wata. Kafin in iso an rufe ƙofar lakca, kafin in koma gari ya yi duhu. Ga jarrabawa ta matso. In na bar nan, shekarar nan ta tafi."

"In kin zauna kuma cikin ya tafi. Wai ke da za ki riƙa ba mutane magani, ke ce aka kwasa ranga-ranga? Uwarki ta biya miki katin cin abinci na zango guda. Ina kike kai abincin?"

"Yana can a tukunyarsu. Ban taɓa shi ba, bai taɓa ni ba."

"Sangarta ce kawai. Mu a zamaninmu…"

"Shi ke nan, an kunna rediyo."

"A zamaninmu, nake ce miki, ƙararrawa ake kaɗawa. Ka shiga ka zauna, tebur da farin ƙyalle, wani mai farar riga ya zo ya dire maka kaza. Ba cinya ba fa, kaza. In ka gama ya sunkuyo ya ce, ranka ya daɗe, a ƙara?"

"Bara rabin kaza ka ce."

"Bara ina tausaya miki ne."

"Ku nawa ne ma a jami'ar a lokacin? Kai da wasu tsofaffi da malamin da ya ƙirƙiro lissafi?"

"Mun fi ku daraja dai. Mu har madara ake ba mu don kada ƙwaƙwalwa ta bushe."

"Amma duk da haka ta bushe."

Kaka ya ɗaga sanda kamar zai kai mata, ta goce tana dariya. Ya mayar da sandar, ya gyara murya.

"To ji nan. Yau ni alƙali ne, kuma ba na hukunci da an ce. Ki kai ni wurin abincin nan naku. In ya ciwu, kin zauna, amma za ki riƙa ci kamar kowa. In bai ciwu ba, ki haɗa akwatinki, don ba zan bar ki a inda babu abinci ba."

Wata da watanni Lukuti ta yi tana kai ƙarar kafteriyar nan a waya: shinkafa tsakuwa, miya ruwa, nama sai a labari. Yanzu ga shi zamanta a makaranta ya rataya a kan tsohon nan ya ce abincin ya yi.

"Ai… ba laifi abincin," ta ce a hankali.

"Ba ke kika ce wa uwarki ko kare aka ba sai ya nemi lauya ba?"

"Karen ne mai tsirfa."

"To tashi mu je."

Kafteriyar babban zaure ce mai dogayen teburan ƙarfe, fankokinta rabi na juyawa rabi sun huta. Layi ya fito daga ƙofa ya bi gefen ginin a cikin rana, kowa da jaka a baya da kati a hannu. Kaka ya tsaya ya kare ido da tafin hannu yana neman ƙarshensa.

"Me ake rabawa a nan? Aikin gwamnati?"

"Abincin rana."

"Ina ƙararrawa? Ina mai farar riga?"

"Tare kuka yi ritaya."

Wani ɗalibi da ke gabansu ya waiwayo, ya ga furfura, ya ɗan rusuna. "Baba, ku wuce gaba mana, za a ba ku hanya."

"A'a, ɗana, na gode. Ni ma ɗalibi ne, sabon shiga."

"Kada ka yarda," in ji Lukuti. "Tun da aka aza tubalin jami'ar yake maimaita aji."

Waɗanda ke kusa suka bushe da dariya. Kaka ya nuna ta da kan sanda. "Kun ga wannan? Matata ce, amma yau zan sake ta. Na aure ta ƙatuwa, an musanya mini da tsinke."

"Allah ya raka taki gona"—ta kusa faɗa, sai ta haɗiye, ta ce, "Ka sake ni in ga wadda za ta kwashe ka."

Layi na matsawa kaɗan-kaɗan. Can sai wani da ya kusa kaiwa ƙofa ya dubi wayarsa, ya ja tsaki, ya fice ya nufi wajen ajujuwa da sauri. Ba a jima ba wasu 'yan mata suka bi bayansa.

"Su kuma ina za su, ga su sun kusa?" in ji Kaka.

"Lakcarsu ta yi. Haka ake yi. Ka tsaya, ka tsaya, da ka hango tukunya sai agogo ya ce tashi."

"To me za su ci?"

"Biskit da lemo a shagon bakin hanya. Kafin su fito an wanke tukwane."

"Ke ma haka kike yi?"

"Ni? Ni ai ina son layi. Motsa jiki ne. Tsayuwa na ƙara lafiya."

"Shi ya sa kika faɗi."

Da ƙyar suka kai gaban kanta. Matar da ke zuba abinci ta haɗa gumi, tana kwasa tana miƙawa ba ta ko ɗaga kai. Kaka ya jingina sandarsa, ya gyara hula.

"Sannu da aiki. A ba ni kaza."

Matar ta ɗago ta dube shi, ta dubi Lukuti, kamar mai tambayar ko lafiyarsa ƙalau. "Baba, nama ma ya ƙare. Saura kan kifi."

"To a ba ni taliya."

"Ta ƙare. Shinkafa ce."

"Me ya rage ban da shinkafa?"

"Ƙanzonta."

Lukuti ta miƙa katinta, aka zuba faranti ɗaya, ta ɗauko ta kai kan wani tebur kusa da taga. Teburan kusan wayam suke. Yawancin waɗanda suka karɓi abinci juye shi suke yi a roba su rufe su fice, wasu kuma na ci a tsaye a bakin ƙofa, ido na kan waya.

"Ina cokali?" in ji Kaka.

"Kowa da nasa yake zuwa. Tsafta ce." Ta zaro ɗaya daga jakarta, ta goge da hankici ta ba shi.

Ya yi bisimilla, ya sunkuya ya leƙa farantin. "Wannan jan ruwan fa?"

"Miya ce mara nauyi, ta masu karatu. Ba ta sa barci."

"Ina ganin fuskata a ciki."

"Ka ga an haɗa maka da madubi kyauta."

Ya kai loma ta farko. Ya tauna sau ɗaya, aka ji ƙarass. Ya tsaya cak, ya rufe ido.

"Sinadari ne," in ji Lukuti da sauri. "Yana ƙara ƙarfin ƙashi. Mun karanta."

"Yarinya, rayuwata duka na yi ta ina auna ƙasa. Na san tsakuwa in na taka ta, balle in na tauna."

"To ai ka ga tsohuwar sana'a ce ta biyo ka gaisuwa."

Ya tofar a hankici, ya juya farantin ya gwada ɗaya gefen. "Ikon Allah. Tukunya ɗaya, amma nan ta dahu ta caɓe, nan kuma ba ta ma san an kunna wuta ba."

"Zaɓi aka ba ka. Ɓangaren masu haƙori da na marasa. Ka san naka."

"Kifin nan kuma kallona yake."

"Ya ga tsaransa ne. Tare kuka yi makaranta."

Kaka ya daure ya ƙara loma, ya ƙara wata. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya cire hula ya ajiye a gefe, ya sha ruwa, ya sake kama cokali kamar mai haƙa rijiya. Bai kai rabi ba ya tura mata farantin.

"Tun da ya yi miki daɗi haka, taya ni."

"Kai baƙo ne. Ba a cin rabon baƙo."

"Na yafe. Ci."

Ta karɓi cokalin, ta ɗebo, ta kai baki, ta haɗiye ba tare da ta tauna ba. Ta yi murmushi har haƙoranta suka fito. "Daɗi."

"Idonki ya kawo ruwa."

"Daɗin ne."

Ta ƙara ɗebowa. Miyar ba ta da komai sai barkono da mai, tana sauka ta ji kamar an ɗiga mata garwashi. Hannunta na hagu ya sauka ƙarƙashin tebur ya dafe ciki. Kaka ya gani. Ya miƙa hannu ya janye farantin.

"Ajiye cokalin nan."

"Ban ƙoshi ba."

"Na ce ajiye." Muryarsa ta sauka, babu wasa a cikinta. "Gaya mini gaskiya. Me kike ci a yini?"

Ta juya cokalin a hannu. "Shayi da safe, in na samu ruwan zafi. Biskit da rana. Da yamma taliyar leda, mu jiƙa ta da ruwan hita a ɓoye, don an hana hita a ɗaki."

"Shi ke nan?"

"Wani lokacin burodi."

"Subhanallahi."

"Ba abincin kaɗai ba ne, Kaka. Ranar da ya yi ɗan kyau ma, lokacin da ake rabawa ina ɗakin gwaji, ba a fita sai an gama. Shekarar da muka shigo, kafin a canja ɗan kwangila, har yamma ana samun abinci. Mukan zo mu cika tebur, mu ci muna musu, wannan ta tsami naman waccan. Yanzu kowa sai ya zuba a roba ya je ya ci shi kaɗai a kan gado. Ni kuma in ni kaɗai ce, sai in ji yunwar ma ta tafi."

Kaka ya zuba wa teburan ido, dogaye, babu kowa a kansu sai tsabar shinkafa da ta zube. Ya ɗaga hannu zai mayar da hularsa, sai agogonsa ya zame daga wuyan hannu ya gangara. Lukuti ta bi agogon da kallo.

"Kai fa?"

"Ni me?"

"Agogon nan da a wuyan hannu yake zaune. Yau ga shi yana neman gwiwar hannu."

"Maɗaurin ne ya saki."

"Wuyan rigar ma shi ne ya saki? Me ka ci jiya?"

"Shayi da burodi."

"Shekaranjiya fa?"

"Burodi da shayi."

"Umma kullum tana aika maka da abinci."

"Tana aikowa, Allah ya yi mata albarka." Ya gyara agogon, ya daɗe yana murza shi. "Tun da kakarki ta rasu, in na buɗe kwano sai in ga ya yi mini yawa. Da ita ce ke zama a gefe tana cewa ina ci kamar ana kora ta. Yanzu ko na zubar a riga ba mai ce mini komai. Sai in rufe in ce sai an jima."

A can bayan kanta an fara kankare tukwane, ƙarar ƙarfe na tashi. Lukuti ta goge ido da gefen mayafinta, ta ja numfashi.

"Wato mai laifi aka aiko ya yi shari'ar mai laifi."

"Rufe mini baki."

"Sai na gaya wa Umma. Kai za a kwashe a kai gidan Gwaggo."

"Gwaggonki ta fi ƙarfina, ko a zamanin ina da ƙarfi." Ya ɗan murmusa, ya sa hularsa. "Duk faɗin makarantar nan ba inda ake ɗora tukunya sai nan?"

"Akwai kicin a ƙasan benenmu. An yarda a yi girki a can, amma kowa da rishonsa da tukunyarsa. Wadda muke ɗaki ɗaya ta iya girki sosai, har daga wasu ɗakunan ake zuwa tambayarta. Risho ne ba ta da shi."

"Ke fa me kika iya?"

"Ɗanɗanawa."

"Na sani. Ke ce kika taɓa ɗora ƙwai kika tafi kallo, sai da maƙwabta suka shigo da bokiti. To me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Umma ta riga ta biya kati. Na ji nauyin in sake ɗora mata wani abu."

"Sai kika zaɓi ki ɗora mata gadon asibiti. Lallai madarar nan da ba a ba ku ba ta yi ɓarna."

Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya nisanta ta da ido yana neman lambar uwar Lukuti, har sai da Lukuti ta karɓa ta danna masa. Ya kara a kunne.

"E, ni ne. Na zo, na gani, na kuma ci da bakina." Ya saurara. "Abincin? Ba ya ciwuwa. Ko kaɗan."

Lukuti ta sunkuyar da kai, ta fara tattara jakarta.

"Amma yarinya za ta zauna," in ji Kaka. Murya ta tashi daga cikin wayar, ya ɗan janye ta daga kunne har ta lafa. "Na ji. Duk na ji. Ku kuka ce abin da na yanke shi ke nan, to na yanke. Za su riƙa girki ita da abokiyar ɗakinta. Duk Asabar zan zo da kaina in zauna in ci abin da take ci. In ta ƙara ramewa, ni ki kama." Ya sake saurarawa. "Ni? Ni ina ci mana. Wa ya ce miki ba na ci?"

Lukuti ta miƙo hannu za ta karɓi wayar, ya kashe da sauri ya cusa a aljihu.

"Ka karya hukuncinka," ta ce, tana ƙoƙarin danne murna. "Cewa ka yi in bai ciwu ba in haɗa akwati."

"An ɗaukaka ƙara."

"A wurin wa?"

"A wurina. Tashi ki nuna mini inda ake sayar da kayan girki kafin a sake ɗaukaka wata."

A shagon da ke bakin ƙofar makaranta Kaka ya zaɓi risho, ya sa aka kunna ya ga harshen wutar, ya ƙwanƙwasa tukwane ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen kankana. Lukuti ta ƙara ludayi da wuƙa, sannan ta ɗauko farantai uku ta ɗora a kai.

"Ku biyu ne a ɗakin, na ukun na wa?"

"Na wani tsoho mai zuwa cin bati ranar Asabar."

"Ki zaɓar masa babba."

"Sai ya fara cinye ƙaramin tukuna."

Aka haɗa kayan a kwali. Lukuti ta sunkuya za ta ɗauka, ya ce sam, iska za ta tafi da ita da kwalin gaba ɗaya. Ya ba ta sandarsa ta riƙe, ya rungumi kwalin a ƙirji, suka kamo hanya yana nishi yana cewa bai ji nauyin komai ba. Da suka iso ƙofar ɗakin kwanan, ya sa ƙafa zai shiga, sai matar da ke gadin wurin ta miƙe daga kujerarta.

"Baba, ku yi haƙuri. Maza ba sa shiga."

"Bar shi ya wuce, Inna," in ji Lukuti. "Wannan ai ba namiji ba ne, kayan tarihi ne. Aro muka yi daga gidan adana su, da yamma za mu mayar."

Mai gadi ta toshe baki da hannu. Kaka ya tsaya da kwali a ƙirji yana neman amsa, ya buɗe baki, bai samu ba. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har tukwanen da ke cikin kwalin suka riƙa kaɗawa, hawaye na bin kuncinsa.

"Kin ci ni," ya ce, ya dire mata kwalin a hannu ya karɓi sandarsa. "Wallahi yau kin ci ni. Ungo kayanki, ja'ira. Allah ya sa albarka a cikin abin da za a dafa."